Sandar Tuƙi a City Island

Wata huɗu Malam Uwaisu ya yi a gidan 'yarsa a Soundview, kuma in aka cire sallah da cin abinci, bai tashi daga kujerar bakin taga ba. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Likita ya ce aikin bai kai na awa ɗaya ba, har an ba da rana, amma tsohon ya kafe: a mayar da shi Yawuri, ba za a sa masa wuƙa a ido a ƙasar wasu ba. Da ya daina cin tuwo sai surukinsa Ja'afar ya haƙura ya yanka masa tikiti. Ranar Alhamis zai tashi daga filin jirgin sama na JFK, ranar Talata mai bi mata kuma ita ce ranar aikin.

Abin ya tsaya wa 'yar tasa Sa'adiyya a rai. Ga ta ma'aikaciyar jinya, kullum tana lallashin iyayen wasu su yarda da magani, nata uban ya gagare ta. Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa jirgin ruwa mai inji tsakanin Yawuri da Malale, da buhunan albasa da fasinja, yau sai an riƙe masa hannu zuwa bayi. Dabara ɗaya ta rage mata, kuma ba ta taɓa gaya masa ba: shekara biyu ke nan tana koyon tuƙa jirgin ruwa mai ƙyalle, wanda iska ke turawa, a wani kulob a City Island, har ta samu takardar shaida. A gidansu mace ba ta taɓa tuƙi, shi ya sa ta yi shiru.

Ranar Asabar da hantsi suka sa shi a mota, wai za a sha iska. Ƙafarsa na taka katakon mashigar jirage ya tsaya cak, ya buɗe hanci.

"Ruwa na ka ji. Sa'a, ina kuka kawo ni?"

Murna ta kama Sa'adiyya. Rabon da ya yi tambaya tun watan azumi.

Jirage biyu kulob ɗin ya ba ta zaɓi, suna ɗaure gefe da gefe. Ɗaya sabo ne fil, tsawonsa ƙafa arba'in da biyu, fari tas, da ɗakin kwana uku da kicin da bayi. Ɗayan ƙafa ashirin da bakwai, ƙirar 1976, ya girmi Sa'adiyya da shekara goma sha biyu, fentinsa ya koɗe. Ja'afar, mai son abu mai ƙyalli, tuni ya haye babban yana ta zuba.

"Baba, wannan fa akwai fridge! Maɓalli za a danna ƙyallen ya tashi da kansa. Ga screen yana nuna zurfin ruwa, ga sitiyari kamar na tirela."

Aka hau da tsohon. Ya cire takalmi, don shi da tafin ƙafa yake sauraron jirgi. Ya taka nan, ya taka can. Ya lalubi sitiyarin ya juya shi dama da hagu, ya saki.

"Wannan falo ne," ya ce. "Ni falo na baro."

Sa'adiyya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ita ma babban take so, kuma ba don fridge ba. Ƙaramin ba shi da sitiyari, sanda ce ta katako a bayansa, kuma sandar nan 'yar taurin kai ce: ka tura ta dama jirgi ya yi hagu. Sau biyu ta kusa faɗuwa jarrabawa a kanta. Amma ta kama hannunsa suka tsallaka.

Yana sa ƙafa ƙaramin ya sunkuya gefe, sannan ya dawo. Malam Uwaisu ya yi dariya, dariyar gaske mai haƙora.

"Ka ji mai gaida mutane!"

Ya zauna a baya, hannunsa na yawo har ya faɗa kan sandar. Ya shafa ta daga tushe zuwa kai, ya tsaya inda hannayen mutane suka cinye katakon ya yi santsi. Bai saki ba.

"Wa zai tuƙa?" ya tambaya daga baya. "Ja'afar?"

"Ni ce, Baba."

"Ke?"

"Ni."

Ta sa masa rigar hana nutsewa kafin ya samu abin faɗa, ta karɓi sandar, ta kunna inji ta fitar da su. Da suka wuce sauran jiragen ta sa Ja'afar ya ja igiya, ƙyallen ya hau yana kaɗawa, ta kashe injin. Iska ta cika shi fam, jirgin ya kwanta gefe ya zabura. Ja'afar ya rungume ƙarfe yana salati, yana kallon babban jirgin da suka baro da idon kewa.

Tsohon ya juya fuska har iskar ta daidaita a kumatunsa. "Ba ni nan."

Ta ba shi. Ai kuwa sandar da ta wahalar da ita wata shida, a hannunsa ta zama 'yar gida, domin haka nan hannun injin jirginsa yake: dama ce hagu, hagu ce dama. Ita tana faɗa masa abin da ke gaba, shi yana jin sauran a tafin hannu. Jirgin ya miƙe sak, ruwa na tsagewa a gefe yana fesa musu gishiri. Tsohon ya ɗaga murya ya kira sunayen mashigan Yawuri ɗaya bayan ɗaya kamar yana lodin fasinja. Sa'adiyya tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ma damu ta share ba.

Can ya ce, "Karɓi in ji naki."

Ta karɓa. Ba a yi minti biyu ba jirgin ya fara lilo, ƙyallen ya hau kaɗawa.

"Kai, kai, kai! Wa ya koya miki? Kokawa kike da ita! Yaya kika riƙe?" Ya lalubo hannunta, ya gyara yatsu, ya sake lalubawa, ya yi tsaki. Ya ware idanun nan farare yana neman hannun da ke ƙasan hancinsa, bai gan shi ba. Iska na kaɗa masa gemu, ya kira surukinsa.

"Ja'afar."

"Na'am, Baba."

"Tikitin nan, ana ɗaga shi?"

"Ana ɗagawa, Baba! Yau ma!"

"To ɗaga. A cire mini abin nan in ga ɓarnar da ɗiyata ke yi wa jirgin mutane." Ya ɗora hannunsa a kan nata, bisa sandar. "Sassauta, Sa'a. Bar ta ta gaya miki."