Waƙa ta Goma Sha Ɗaya

"Sake karantawa, Daphi," in ji maƙwabcina Bah Pynskhem daga kan gadonsa. "A hankali, ba wanda ya biyo ki."

Na sake karanta masa ƙananan rubutun da ke bayan faifan. Waƙoƙi goma sha takwas na ƙungiyar Lyoh Iong, waɗanda suka fita ɗai-ɗai a zamaninsu da waɗanda ba a taɓa fitarwa ba, an tattara su wuri guda shekara talatin bayan watsewar ƙungiyar. A ƙarƙashin kowace waƙa suna ɗaya ne: Donbok Kharsati, shi ya rubuta, shi ya rera. A hoton gaba kuwa samari uku ne masu dogon gashi, sai rabin kafaɗar wani a gefe da wuyan gita. Abin da aka bar wa maƙwabcina ke nan, rabin kafaɗa.

Na ce masa wannan sata ce da rana tsaka. Na ce zan rubuta wa jaridu, zan je har Delhi in tsaya a ƙofar kamfanin. Duk unguwarmu ta Mawlai ta san wanda ya rubuta waƙoƙin nan. Tun ina 'yar shekara bakwai nake jin su ta katangarmu, yana kaɗa su da yamma bayan ya rufe shagonsa na gyaran rediyo. Ya yi dariya har tarin da ya kwantar da shi ya taso masa, na riƙe masa kofi.

"Ke da littattafanki. Suna me zai yi min yanzu? Sa mana ta sha ɗaya."

Ita ce wadda nake jin labarinta ban taɓa jin ta ba. A ɗakin girkin mahaifiyarsa suka ɗauke ta, da damina, tun bai yi aure ba, da ƙaramin rikoda a kan buhun shinkafa. Na kunna. Gita ta shigo tas, murya ta biyo, ba ƙura ba ƙaiƙayi, aka kai ƙarshe aka yi shiru. Ina share hawaye na juyo, sai na ga fuskarsa ta canza. Wannan mutum da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yunƙura kamar zai sauko daga gado.

"Ina ruwan saman?"

Na ce wane ruwa.

"Ruwa ake yi a kan kwano. A ƙarshe kuma Inna ta leƙo ta kira mu cin abinci. Sun goge. Sun wanke waƙar, sun yanke min uwata."

Ya ce a duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage. Ya zagi Donbok da zagin da ban san ya iya ba, ya ce tun suna samari haka yake, ba ya son jin kowa a waƙa sai kansa. Sannan ya sa na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ne fal, kowanne da rubutun biro. Ya zaro na asalin waƙar. Muka sa a tsohon rikodansa, ya yi ƙara, bai juya ba. Ya buɗe bayan, ya nuna min wata siririyar roba da ta narke. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara wa unguwa rediyo, yatsunsa sun kasa riƙe sukuddireba.

Kwana biyu ina yawo a kasuwar Iewduh, daga wannan lungu zuwa wancan. Masu shaguna suna min dariya, wani ya ce in tambayi gidan tarihi. Ranar Alhamis da hantsi wani tsoho ya ciro min robar daga cikin wani mataccen rikoda. Na hau motar haya ina murna kamar an ba ni sarauta. Da na sauka a bakin layinmu, na ga an cire labulen tagoginsa, ana jera kujeru a tsakar gida, yadda ake yi a wurinmu idan an yi rasuwa.

Ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika min ƙirji, na robar, da na motar da ta tsaya ɗaukar fasinja, da na kaina. Na ɗauko rikodan, na shige ɗakina na gyara shi yadda ya nuna min.

Kwana na biyu da rasuwar, gida cike da mutane, ana zagayawa da jan shayi da goro naɗe a ganye, sai ga Donbok. Baƙin tabarau, farin gashi ɗaure a ƙeya, da furanni da suka fi ƙofar faɗi. Ya tsaya a kan gawar ya ce ya rasa ɗan'uwa. Mata har da masu matse ido. Ni kuwa tiren da ke hannuna ne kawai ya hana ni magana.

Bai jima ba ya ja Banshan gefe, ɗan marigayin da ya zo daga Guwahati. Na ji yana cewa za a fitar da faifai na biyu don tunawa da mahaifinsa, akwatin kaset kawai ake bukata, ga takarda ya sa hannu. Banshan bai taɓa sauraron waƙar ubansa har ƙarshe ba. Ya sa hannu, ya shiga ya ɗauko akwatin.

Na tare ƙofa.

"Bah Donbok, a na biyun za a sa ɗaya kafaɗar tasa?"

Ya sauke tabarau ya dube ni, ya tambayi Banshan 'yar waye wannan. Ya ce min harkar faifai ba wasan yara ba ce, kamfani ne ke tsara sunaye, kuma ga sa hannun magaji.

"Magajin wa?"

Kong Phidalis ce, ƙanwar marigayin, autar gidansu, mai sayar da goro a Iewduh. Tana zaune kusa da gawar da mayafinta, bakinta ja wur. Ko tashi ba ta yi ba. Ta tambayi Donbok ko zaman Delhi ne ya mantar da shi inda aka haife shi. A al'adarmu, in ji ta, Banshan ɗan dangin uwarsa ne, sunanta yake ɗauke da shi. Abin da namiji ya samu kafin aure kuwa, na gidan uwarsa ne, can yake komawa. Ta sa aka buɗe akwatin, ta ce in karanta shekarun da ke jikin kaset ɗin da ƙarfi. Na karanta ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya da ya kai shekarar auren.

Dattawan da ke bakin ƙofa suka gyaɗa kai. Donbok ya fara cewa Kong, duniya ce ke son jin waƙoƙin nan.

"Shekara uku kana cin shinkafar uwata," in ji ta. "Ka ji muryarta ka ce datti ce." Ta tofar da jan yawu a gwangwani. "Akwatin nan yau zai kwana a gidan Inna, kuma ba inda za shi. Daphi, ɗauko rikodan. Sai yayana ya ji kafin a fita da gawarsa."

Na ajiye shi a kan kujera, kusa da kan Bah Pynskhem, na sa kaset ɗin waƙar, na danna. Kaset ya juya. Ruwa ya sauko a kan wani kwano da aka daɗe da rushewa, gita na bin sa a baya. Ba wanda ya taɓa kofinsa. Da waƙar ta ƙare, aka ji ƙarar ƙofa, sai wata mata ta ce su ajiye wannan hayaniyar haka nan, shinkafa tana hucewa.