Mil Ɗaya da Rabi

Ɗigo na bakwai ya tsaya a bakin nonon, ya yi rawa, ya ƙi faɗowa. Malama ta ƙara matsawa har sai da ɗinkin da ke mararta ya amsa, sannan ɗigon ya gangara cikin ɗan kofin roba. Ta ɗaga kofin saitin taga. Minti arba'in ta yi tana tatsa, amma abin da ta tara bai rufe gindin kofin ba. Rawaya ne, mai kauri, yana maƙale a gefe guda.

Kwana huɗu ke nan da aka yi mata aiki aka ciro mata 'yan mata biyu, bakwaini, saura wata biyu lokacinsu ya yi. Suna can ɗakin jarirai, kowacce a kwalbarta, ana ba su nono ta siririyar robar da aka zura musu a hanci. Ita kuma aikinta shi ne ta zo wannan ɗakin tatsa mai kujerun roba huɗu da wurin wanke hannu da firji, ta kawo abin da za a zura.

"Maman biyu, ya kasuwa?" in ji matar da ke kujerar gefe, wadda matan ɗakin suka sa wa suna Famfo. Kofinta na biyu ta kusa cikawa. "Wallahi rabon nan a karkace ya zo. Ke mai biyu, ni mai ɗaya. Da abin na cirewa ne da na ba ki aron guda ki riƙe kwana biyu."

Sauran matan suka yi dariya. Malama ma ta yi, ta kife tafin hannunta a kan kofin.

A bangon ɗakin akwai farin allo. Kowace uwa da lambar gadonta, a gaban lambar kuma Sista, babbar nas, takan rubuta mil nawa ta kawo, wato mililita, tana faɗa da ƙarfi kamar mai kiran sakamakon jarrabawa. Ba wanda ya taɓa tambayar amfanin allon. An same shi a bango, an ci gaba da rubutu. Shekaranjiya a gaban gado na shida, wato na Malama, an rubuta biyu, a gaban na Famfo sittin. Malama, wadda ta shekara tara tana koyar da kimiyya, tana rubuta wa 'ya'yan mutane maki da jan biro, ta tsaya tana kallon makinta.

A ranar ce kuma ta ji surukarta, Mama, a baranda tana waya. Ba da ihu take magana ba, da muryar tausayi take yi, wadda ta fi ihu ciwo. "To ya za a yi? Cikin ma bai riƙe su ba, yanzu kuma nonon shiru. Yaran yanzu sai karatu, jikin babu komai."

Shi ya sa jiya da rana, da ɗakin ya zama ba kowa, ta buɗe filas ɗin ruwan zafin da Mama ta kawo mata don shayi. Ta zuba a murfin, ta hura har ya huce, ta tsiyaya a kan dakashin har ya kai layin goma. Ta girgiza. Ta ce wa kanta ai tafasasshe ne. Sista ta karɓa ta ce, "Gado na shida, goma! Madalla, Maman biyu, abu ya fara zuwa." Mama kuwa har da shafa mata baya.

Yanzu Famfo ta miƙe ta sa kofunanta a firji, ta fita tana gyara ɗaurin zane. Sauran biyun suka bi ta. Malama ta dubi ƙofa, ta dubi filas ɗin da ke ƙarƙashin kujera. Wanda ya kawo goma jiya ba ya kawo ɗaya yau. Ta buɗe murfin. Wannan karon sai da ta kai layin sha biyu. Ta rubuta lambar gadonta da lokaci a jikin kofin, ta sa a firji. Da Sista ta leƙo ta rubuta a allo, Malama ba ta ɗaga kai ba.

A ƙofar ɗakin jarirai ta wanke hannu har gwiwa, ta sa koriyar riga da hula. Ɗakin da ɗumi, injuna na ƙara kowanne da muryarsa. Kwalbar Babba ce ta farko, wadda ta riga fitowa da minti biyu, kilo ɗaya da ɗigo huɗu. Tana barci ruf da ciki, ƙafarta ɗaya a miƙe, siririya kamar yatsan babban mutum. Kwalbar Ƙarama kuwa ba ta hango ta ba, domin mutum uku sun tare ta: likita, Sista, da wata ƙaramar nas mai gilashi.

Likitan, wata doguwar mata mai gajiyayyun idanu, ta juyo. "Ke ce mahaifiyar? Matso ki gani."

Cikin Ƙarama ya kumbura. Ya yi tsiri yana ƙyalli, jijiyoyi shuɗɗa sun fito a kansa. A sirinjin da ke hannun ƙaramar nas akwai wani ruwa kore-kore da aka zuƙo daga robar hancinta.

"Mun dakatar da ba ta nono," in ji likita. "Za mu ɗauki hoton cikin, mu sa mata ƙarin ruwa da magani. Hanjin irin waɗannan yaran ba ya son wasa." Ta juya ga Sista. "Me ake ba ta? An haɗa da madara?"

"Ko kaɗan. Nonon uwa zalla," in ji Sista. "Jiya ma uwar ta kawo isasshe."

"Wa ya ba ta na jiya da yamma?"

"Ni ce," in ji ƙaramar nas.

"Sabon sirinji? Kin wanke hannu?"

"Na wanke, likita. Sabo ne, a gaban Sista na fasa ledar."

"Haka kuke cewa kullum," in ji Sista.

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta gyara gilashinta da bayan hannu. Malama na tsaye tana kallonta. Kalma uku ce kawai: na zuba ruwa. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Za ta warke?"

"Muna yin iya ƙoƙarinmu," in ji likita, ta wuce gado na gaba.

Ta fita baranda. Mijinta ya zo daga wurin aiki da katin ofis rataye a wuya, Mama na zaune a benci da kwandon abinci. Ta gaya musu abin da likita ta ce. Mijin ya cire hularsa ya mayar.

"Sakaci ne," ya ce. "Wannan mai gilashin, tun ranar farko na ga hannunta ba ya tsayawa. Bari in ga shugabar sashen. Ba za a yi koyo a kan 'yata ba."

"Ka bari tukuna."

"In bari? Ke kina nan kina matse jikinki kina kawo musu, su kuma su lalata?"

"Ƙyale ta, ta gaji," in ji Mama. Ta jawo hannun Malama ta zaunar da ita. "Ke dai ki ci abinci. Na leƙa allon nan, sha biyu na gani. Ban gaya miki ba? Ruwan zafi da shayi, shi ne maganin. Filas ɗin ya ƙare in cika miki?"

Malama ta ce a'a, da saura. Ta karɓi cokali, ta juya abincin, ta kasa kaiwa baki. Agogon da ke saman ƙofa ya nuna sha biyu saura kwata. Ƙarama an dakatar da nata. Babba kuwa sha biyu daidai ake ba ta.

Ta ajiye cokalin ta tashi da sauri, ɗinkin ya ja ta har ta dafa bango.

"Ina zuwa kuma?" in ji mijin.

Ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin jarirai. Ta wanke hannu, wannan karon sama-sama, ta shiga. Ƙaramar nas ce a kwalbar Babba, idanunta sun yi ja. Kofin na kan tire da rubutun hannun Malama a jikinsa, ta riga ta ɗumama shi. Ta fasa ledar sirinji, ta ɗaga shi sama yadda Sista za ta gani daga teburinta, sannan ta tsoma ta zuƙa. Babba ta motsa, ta buɗe ɗan bakinta tana tsotsar iska. Nas ɗin ta buɗe ƙofar kwalbar, ta kamo bakin robar.

"Kar ki ba ta."

Nas ɗin ta juyo. "Na'am?"

"Kar ki ba ta. Akwai ruwa a ciki." Muryar ta fito fiye da yadda ta nufa. Famfo, da ke zaune rungume da ɗanta a ƙirji, ta ɗago kai. Sista ta ajiye biro. "Ni na zuba. Na jiya ma na zuba. Ba laifinta ba ne, ni ce."

Injuna suka ci gaba da ƙararsu. Sista ta taso.

"Ruwa? Wane irin ruwa? Ke da aka ce malama ce? Kin san abin da..."

"Sista." Likita ce, ta dawo daga ƙarshen ɗakin. Ta karɓi sirinjin ta jefa a kwandon shara, ta ɗauke kofin. Tambayoyinta gajeru ne, ba ta ɗaga murya ba. Wane ruwa? Daga ina? Sau nawa? Nawa ne nonon kafin a ƙara? Malama ta amsa ɗaya bayan ɗaya tana kallon takalman likitan.

"Ni na jawo mata?" ta tambaya a ƙarshe.

"Ban sani ba," in ji likita. "Ba zan ce miki a'a don ki ji daɗi ba. Bakwaini kan yi wannan ciwon ko da ba a yi musu komai ba. Amma yanzu na san abin da zan nema a jininta, kuma zan sa ido a kan ɗayar. Da kin faɗa da safe da mun ci awa uku." Ta dubi Malama. "Me ya sa?"

"Ba ya zuwa. Biyu kawai na kawo shekaranjiya. Yara biyu, mil biyu."

Likita ta dubi Sista. "An gaya mata nawa ake ba su?"

Sista ta gyara tsayuwa. "Ai yana rubuce a fayil."

"An gaya mata?"

Sista ta kawar da kai. Ƙaramar nas ce ta yi magana, a hankali. "Rabin mil ne, Anti. Kowacce rabin mil, duk bayan awa uku. Cikinsu bai wuce kan ɗan yatsa ba. Na jiya ma kaɗan muka ɗiba, sauran da lokacinsa ya wuce zubarwa muka yi."

Malama ta lissafa ba tare da ta so ba, lissafin da ɗan aji biyu zai yi. Abin da ta tatsa da safen nan, kafin ta buɗe filas, ya ishe su su biyun cin rana, har da saura. Kwana huɗu tana shiga tana fita, an koya mata wanke hannu, an koya mata ɗaura hula, an yi mata faɗa a kan takalmi. Ba wanda ya ɓata daƙiƙa goma ya gaya mata wannan. Ita ma, da duk iliminta, ba ta tambaya ba, don kar a ce ba ta sani ba.

"Yi haƙuri," ta ce wa yarinyar. "Na tsaya ina ji ana yi miki faɗa."

Nas ɗin ta ɗaga kafaɗa, ba ta ce mata "ba komai" ba. Ta ɗauko sabon ƙaramin sirinji. "Zo mu je. Babba na jira."

A ɗakin tatsa ta zaunar da ita, ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta ɗora mata, ta nuna mata inda za ta sa yatsu, can baya, ba a baki ba. Duk ɗigon da ya fito sai ta zuƙe shi da sirinjin kai tsaye, ko ɗaya bai maƙale a kofi ba. Famfo ta shigo, ta tsaya a bakin firji.

"Maman biyu," ta ce, "bakin nan nawa ma famfo ne, ba ya rufuwa. Ki yafe. Ni sai kwana na shida nawa ya zo, ki tambayi Sista."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Bayan minti ashirin nas ɗin ta ɗaga sirinjin. "Ɗaya da rabi." Ta dubi allon, inda sha biyu ke rubuce a gaban gado na shida. Malama ta miƙe, ta goge lambar da gefen hannunta, ta karɓi alƙalamin ta rubuta ta gaskiyar da kanta, da irin rubutun da take yi wa ɗalibai, manya-manya.

Ta tsaya har aka zura wa Babba rabin mil ɗinta. An gungura injin hoto zuwa kwalbar Ƙarama, aka ce iyaye su fita. Ta leƙa ta sau ɗaya. Ƙirjin na hawa yana sauka da sauri, ɗan hannun ya damƙe wayar da ke manne da shi.

A baranda mijinta ya miƙe tsaye. "Na samu lambar shugabar sashen. Yanzu zan kira ta."

Mama ta ɗago filas ɗin, ashe ta ɗauko shi ta je ta cika a wani wuri. "Nawa kika samu yanzu, 'yar nan?"

Malama ta dubi filas ɗin, ta dubi wayar da ke hannun mijinta. Mutane na wucewa, bencin cike yake da dangin wasu.

"Ɗaya da rabi, Mama," ta ce. Ta sa hannu ta rufe fuskar wayar. "Kai kuma kar ka kira kowa. Ku zauna, akwai abin da zan gaya muku."