Ruwa a Gwiwa

Likitar ta danna kumburin da yatsa biyu, ya lotsa ya dawo kamar ledar ruwa. Mai aikin shimfiɗa tayil ya kalli gwiwarsa kamar ta wani ce.

"Da ciwo?"

"Ko kaɗan, likita. Maiɗakina ce ta matsa in zo. Da so ta yi ta huda shi da allura."

"Gara da ba ta yi ba. Da ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa."

Kwana biyar ke nan da ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti ya sauka a kan gwiwa, ya tashi ya kakkaɓe wando ya ci gaba da aiki. Hoto ya nuna ƙashi lafiya lau. Likitar ta ce akwai 'yar jaka a saman ƙoƙon gwiwa, buguwa ko yawan durƙuso kan sa ta tara ruwa. Ta naɗe wurin da bandeji, ta ce ya riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ya ɗaga ƙafar in ya zauna. In wurin ya yi ja ko zafi, ko zazzaɓi ya zo, ya dawo a ranar.

"Kuma ba durƙuso, sati biyu."

Ya yi 'yar dariya. "Likita, ai da gwiwa nake ci."

"Shi ya sa."

A cikin bas ya yi ta juya maganar. Saura falo guda a gidan da yake sa wa tayil, mai gidan kuma jibi zai tare da iyalinsa. Shekara goma sha tara bai taɓa barin wani ya ƙarasa masa aiki ba. Da ya sauka, ya kira Dogo, abokin sana'arsa da yake yawan kushe wa hannu.

Dogo ya zo ba ƙorafi, ya durƙusa ya hau kwaɓa siminti. Shi kuwa ya jingina da bakin ƙofa, hannuwansa ba su san inda za su zauna ba. Daga tsaye falon ya fito masa sarai, sai ya ga layi uku da ya shimfiɗa jiya sun karkace wajen taga, kaurin ɗan yatsa.

Dogo ma ya gani, tun shigowarsa. Ya dai ci gaba da kwaɓinsa.

"Dogo," ya ce a hankali, "fara ɗaga waɗancan ukun."