Minti Arba'in da Ɗaya na Mai Guga

Shekara talatin Kawu ya yi yana tafinta a kotu. Abin da ya fito da shi daga can ciwon baya ne, da tabbacin cewa mutum ba ya faɗin gaskiya sai ya manta ana rubutawa. Don haka da Auta, 'yar ƙanwarsa, ta ce tana digiri na biyu a kimiyyar harshe, kuma tana binciken yadda matan ɗakin wankin asibiti ke sauya harsuna huɗu a bakin aiki, sai ya ce, "Wato yanzu gulma ma digiri ake ba ta."

Duk da haka ya karɓi aikin, don uku daga harsunan a bakinsa suke. Ita ke ɗauko muryoyi da rikoda, shi kuma ya zauna a teburin falo yana rubuta su a littafi mai shuɗin bango, har tari da tsaki. Ta hana shi gyara ko kalma ɗaya. Wannan ya ci masa rai, sannan a hankali ya fara burge shi, ko da yake bai faɗa ba.

Wata bakwai yarinyar nan tana ninke zanen gado cikin tururi da warin sabulu, har matan suka daina ganin rikodar. A nan ta samu minti arba'in da ɗaya na wata dattijuwa da ake kira Mai Guga. Da harshen kasuwa matar ke zagin injin wanki, da na mijinta take caccakar danginsa, amma duk sanda ta zo kan ɗanta da ke kurkuku sai ta koma harshen ƙauyen uwarta, da wani karin magana da Farfesa, mai duba aikin Auta, ya ce bai taɓa jin an ɗauka ba. Babi na huɗu na kundin digirin Auta kacokan a kan mintunan nan ya tsaya.

Saura mako uku a miƙa kundin, Mai Guga ta yi sallama a gidan da hantsi. Ko zama ta ƙi yi.

"'Yata, ɗana ya fito. Ya samu aiki inda ba a san labarinsa ba. Ki dawo mini da maganata."

"Inna, ba sunanki a ciki, ba nasa," in ji Auta.

"Ke kika ce da bakinki ranar da na dangwala hannu a takardarki, in na fasa na fasa. Ko ba ki ce ba?"

"Na ce."

Da matar ta tafi, Kawu ya cire tabarau. "To, an ji. Ki ce mata kin goge. Wa zai bi ta da kundin digiri har ɗakin wanki? Kundin da ko masu sa masa hannu ba sa karantawa?"

"Kawu, ni zan sani."

"Ke za ki sani! Shekara ce fa za ki ƙara. Kira Farfesanki ki ji."

Ta kira. Farfesa ya yi dogon numfashi, ya ce dokar binciken tana goyon bayan matar, kuma babu babi na huɗu babu kundi, sai baɗi. Auta ta yi godiya. Ta buɗe kwamfuta ta goge muryar, ta bi ta goge wadda ke waya da wadda ta adana a wani wuri, sannan babin da kansa, shafi talatin da biyu. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta daɗe.

Da ta fito idonta ja, ta ce, "Saura littafinka mai shuɗin bango."

"Ya ɓata."

"Kawu."

"Na ce ya ɓata. Tsufa ne, ke ma yana hanya."

Ta dube shi kawai, ta ɗauki jakarta ta fita.

Littafin yana aljihun tebur, ƙarƙashin takardun asibitin marigayiya matarsa. Ya ciro shi ya karanta. Niyyarsa ya ajiye mata har ta dawo hayyacinta. Amma yana karantawa yana tuna mutanen da suka tsaya gabansa a kotu, suka faɗi magana cikin firgici, ya juya ta, aka rubuta, aka buga hatimi. Da yawa sun roƙe shi a baranda ya janye musu kalma ɗaya. Bai taɓa iyawa ba, har ya koya wa kansa cewa ba a yi. Ga yarinyar da ya saɓa a kafaɗa ta yi hakan a safiya ɗaya, tana kuka.

Washegari ya hau matakalar bayan asibiti yana tsine wa wanda ya gina ta. Ya tarar da Mai Guga a gaban teburin guga, tururi na tashi. Ya gaishe ta da harshen ƙauyen uwarta, iya abin da ya tsinta daga rubutawa. Ta ajiye dutsen guga.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Ke." Ya miƙa mata littafin. "Wannan ne na ƙarshe. Babu wani."

Ta juya shi, ta cusa a jakarta ƙarƙashin kwanon abinci, ta ci gaba da guga.

A ƙarshen ɗakin Auta na ninke zanen gado, rikoda a gefenta, ta fara daga farko. Ta ɗago ta gan shi.

"An samu littafin ke nan?"

"Ki sayo mini sabo," in ji Kawu. "Mai layi. Kuma ki ce wa matan nan su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, kunnena ba na ƙarfe ba ne."