Ranar da Na Zama Kwaɗo

"To mun gama?" na ce da Tela. "Kai ka goyi bayan a sare bishiya, ni in goyi bayan a cike kududdufi."

"Mun gama, Mai Wanki," ya ce, ya ajiye almakashi ya ba ni hannu.

Sana'ata wankin mota ce. A ƙofar wurina akwai wani tsohon mangwaro da jemagu suka mayar gidan ubansu. Ka wanke mota tas, ka goge ta har kana ganin haƙoranka a jiki, kafin mai ita ya iso sun yi mata ado daga sama. Masu manyan motoci har sun fara gudu na. Shi kuwa Tela, kududdufin bayan shagonsa ne ya ishe shi: kwaɗi su hana shi jin rediyo, sauro ya ci ƙafafunsa a ƙarƙashin keken ɗinki. Da aka ce ofishin tsara gari zai gyara titinmu, kuma sai an ji ta bakin 'yan unguwa, muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Muna shiga zauren taro muka tarar da wani dogon tebur, an shimfiɗa taswirar titinmu a kai, ga 'yan gidaje na katako, ga bishiyata an yi ta da koren soso. Wata jami'a mai tabarau ta ce yau ba ɗaga hannu, wasa za a yi. Wai gari ba na mutane ba ne su kaɗai. Kowa zai zari kati, ya zama halittar da ke jiki, ya yi magana da bakinta. Wanda aka rushe wa mazauni ya mutu, ya koma benci, ba shi da sauran baki. Abin da ya tsira a kan tebur shi za ta kai wa manyanta.

"Ranki ya daɗe, da furfurata?" na ce.

"Baba, zari kawai."

Na zara, kwaɗo. Mai kemis ya sami bushiya, matar direba ta sami ƙudan zuma, Tela ya juya nasa, jemage. Na ƙyafta masa ido. Ai shi ke nan, ni in kashe kwaɗo, shi ya kashe jemage, kowa ya koma bakin aikinsa.

Aka fara da kududdufi.

"Kwaɗo, me ka ce?" in ji jami'a.

"A cike."

"Baba, kai fa kwaɗo ne. Nan kake kwana, nan 'ya'yanka suke."

"Mun gaji da wurin. Za mu koma wajen dangi."

"Kwalta ce ta ko'ina, mota za ta take ku."

"Kwana ya ƙare ke nan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ɗora baƙin kwali a kan kududdufin taswirar, ta nuna mini benci. Na tafi na zauna ina jin kaina mutum mai alkawari.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, Tela bai iya faɗuwa a wasa ba. Mutumin da ya taɓa daina gaisawa da surukinsa a kan karta! Ana zuwa kan bishiya matar direba ta ce, "Jemage, bi abokinka benci mana. Dama ku biyun ba 'yan wasa ba ne."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe.

"Ni za a kai benci? Kafin a haifi kakan direbanki muna bishiyar nan! Itatuwan da kuke shan inuwarsu, wa ya yar da ƙwallayensu suka tsiro?"

"Ƙazantar fa?" in ji mai kemis.

"Wanda ya ajiye mota a ƙarƙashin ɗakin kwanana, shi ya shigo mini gida."

"Tela!" na ce.

"Baba, matattu ba sa magana," in ji jami'a.

"Wannan mataccen yana da iyali!"

Zaure ya kwashe da dariya, jami'a ta sake nuna mini benci. Ina zaune ina kallo Tela ya shirya da matar direban da ta tsokane shi, wai zuma ma tana buƙatar furen mangwaro. Ya jawo bushiya da alkawarin busasshen ganye. Kafin a tashi sun kewaye bishiyar da shingen tsinkayen ashana, daidai inda nake jera motoci. Har tafi aka yi masa.

A waje ya tare ni yana haki, fuska sai ƙyalli.

"Mai Wanki, ka gan ni kuwa? Ka ga yadda na kwashe su?"

"Alkawarin fa?"

"Haba, ai da Tela ka ƙulla. Wanda ya yi magana a ciki jemage ne."

Na juya na kama hanyar gida.

Da ma'aikata suka zo, abin da ke kan tebur suka bi. Tela ya ci riba biyu: an cike masa kududdufi, kuma har yau ana kiransa gwanin wasa. Jemagu sun sami shingen ƙarfe. Kwaɗi sun rasa gida ta bakin wakilinsu. Ni kuwa an matso da ni bakin titi, ina wanki a rana, kuma daga can sama har yanzu jemagun suna iya saitin gilashi.