Bel Biyar na Baba Mai Sito

Ranar da bel ɗin injin niƙa ya tsinke, Auta tana riƙe da roba a bakin injin. Ta ji ƙara kamar ta bulala, sai gari ya daina zubowa. Su biyu ne a gidan, ita da Inna, kuma da injin nan suke ci suke sha. Sau uku ana ɗinke bel ɗin da waya. Yanzu babu sauran wurin ɗinki, babu kuma halin sayen sabo. Matan da ke jira suka kwashi hatsinsu ɗaya bayan ɗaya suka nufi wani layin.

A bayan bangonsu Baba Mai Sito yake zaune. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai ɗakuna biyu. Ya shekara talatin yana kula da sito a masaƙa. Da aka rufe ta, rufin siton ya fara yoyo, manaja ya ce ya kwashe bel ɗin da suka rage ya riƙe kafin a sake buɗewa. Shekara goma sha huɗu ke nan. An sayar da injinan, ciyawa ta cinye harabar, Baba yana nan yana riƙo.

Ɗaki mai sanyi ya bar wa bel, shi yana kwana a mai zafin. Auta ta sha shiga tare da shi. Ya toshe tagar da kwali saboda rana. Bai yarda bel ya taɓa ƙasa ba saboda danshi, bai yarda a rataye shi a ƙusa ba, don ƙusa tana karya masa baya. Katako ya sassaƙa mai faɗi da lanƙwasa kamar kafaɗa, kowane bel da nasa. Ko gwangwanin mai ba ya shiga ɗakin. Yakan kira ta Sufeto saboda yawan tambayarta, ita kuma ta ce masa mai gadin macizai. Inna ta taɓa roƙonsa guda ɗaya, ya ce ba nasa ba ne, suka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

A makon nan Baba yana kwance, ƙirji ya kama shi. Da Auta ta kai masa ruwan zafi, ya tambayi abin da ya sa kwana biyu bai ji injin ba. Ta gaya masa. Ya daɗe yana kallon rufin kwano, sannan ya laluba ƙarƙashin filo ya miƙo mata makulli.

"Layi na biyu, Sufeto, daga hagu. Guda biyar ne masu lambar injinku. Ɗauki ɗaya. Kada ki naɗe shi, rataya shi a kafaɗa."

Bel ɗin baƙi ne wuluk, ko ƙura babu, lambarsa fara tas. Inna ta shafa shi, idonta ya ciko. Ta ɗora shi a wilin injin, ta ɗaure, ta tayar da injin. Mata biyu suka jiyo suka dawo da robobinsu. Ba a gama niƙa ta farko ba bel ɗin ya fara zubar da baƙin gari, ya tsage, ya rabu biyu. Inna ta lanƙwasa guntun a hannu, ya karye kamar busasshen kara.

Ta ce da Auta ta koma ta ɗauko na biyu, ta bi a hankali kada Baba ya gan ta. Dattijon yana saurare, in ji ta, bai kamata ya ji shiru ba.

Na biyu ya ɗan fi daɗewa. Na uku ko minti biyar bai yi ba. Matan suka sake tafiya, amma Inna ba ta daina ba. Injin yana juyawa babu komai a cikinsa, man da ya rage yana ƙonewa.

Da Auta ta zo wucewa da wani a kafaɗa, ta ji muryarsa daga cikin ɗaki.

"Na nawa ke nan?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta so ta ce na farko ne, amma mutumin da ya shekara talatin cikin ƙarar injina ba a ɓoye masa tsayawar inji.

"Na huɗu, Baba."

"Ban taɓa bari rana ta gan su ba," in ji shi. "Ke shaida ce."

"Na sani, Baba."

"Ashe su ma tsufa suke yi a can ciki." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Je ki kai mata."

Na biyar yana juyawa lokacin da wani mai shago a layin ya leƙa ya duba Baba, ya fito ya tsaya a ƙofar su Inna ya ce Baba ya rasu. Inna ta kashe injin da hannunta. Da ta taɓa bel ɗin, shi ma ya riga ya tsage ta ciki.

Bayan kwana uku ɗan ƙanen Baba ya zo daga wani gari, don ɗakunan sun zama nasa. Ya fito da sauran bel ɗin ya zube su a tsakar gida, cikin rana. Ya kira mai sayen tarkace, mutumin ya taka ɗaya da ƙafa ya ce ko kyauta ba ya so. Katakan kuwa, wata maƙwabciya ta roƙa za ta hura wuta.

Auta ta ɗauki katako ɗaya kafin a kwashe. Ta kawo shi gida, ta ɗora masa na biyar ɗin, ta kai lungun da rana ba ta shiga. Inna tana zaune kusa da injin, hannuwanta a kan cinya, ba ta hana ta ba. Auta ta gane cewa gobe ma ba za a tayar da injin ba, kuma babu sauran mai saurare a bayan bango.