Jan Biro

Malam Mu'awiyya ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan Malam Iliyasu manomin rake, mahaifin ɗalibinsa Zayyad, ransa a ɓace. Kwana da kwanaki Zayyad bai leƙa aji ba, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Cikin ɗalibai sama da ɗari da yake koya wa Turanci a wata sakandare a Makarfi, yaron nan kaɗai ne in ya rubuta insha'i za ka ji mutum na magana. Sauran hadda suke yi su juye a takarda.

Bayan sun gaisa a zaure, ya tambayi inda yaron yake.

"Ai ya bi motar rake Ibadan, Malam," in ji uban. "Ƙanena ne ke neman mai taya shi aiki, ni kuma 'ya'ya biyu gare ni a ajinka. Ban yi boko ba, amma ban yanke da ka ba. Ya'u! Kawo littattafan nan."

Ya'u, wan Zayyad, ya kawo ya durƙusa. Dattijon ya buɗe na Zayyad. Ko'ina ja. Malam Mu'awiyya ya gane rubutunsa: nan ka faɗaɗa, nan ka sake tunani, wannan jimlar ta yi kyau, ƙaro irinta. Ko abincin rana yakan manta a kan shafukan nan.

"Ka gani? Kamar an yanka kaza a kai. Na ce yaron da malami ke shan wannan wahala da shi, kansa ba ya ja."

"Baba, wallahi don ya fi kowa ne nake yi masa haka," in ji Malam Mu'awiyya.

"Kada ka rufa masa asiri, Malam. Shi ma abin da ya yi ta faɗa ke nan yana kuka."

Sannan ya buɗe na Ya'u, fuskarsa cike da alfahari. Fes, kowane shafi maki ɗaya tak a ƙasa. Kunya da baƙin ciki suka rufe Malam Mu'awiyya. Tun farkon zango bai karanta ko layi ɗaya a littafin nan ba. Gani yake yi ya ja biro ya wuce. Ya dubi Ya'u, yaron ya sunkuyar da kai. Shi ma ya sani.

"Wannan shi ne ɗan boko," in ji Malam Iliyasu, ya miƙa masa littafin da hannu biyu. "Na ba ka amanarsa. Don Allah ka ci gaba da yi masa yadda ka saba."